Kundin aikin lambun karrama Baba Shugaba, Sawagin Kasala

6 ga Afrilu

Babban taron ƙungiyarmu ta masu lambu a Sawagi, yankin lambunan Kasala ta Sudan, ya amince da murabus ɗin Baba Shugaba, bayan ya shafe sama da shekara 25 yana jan ragamarta. Hatimi da littattafan lissafi za su zauna a hannunsa har Nuwamba. Idan sanyi ya shigo a yi walima, a karrama shi, a miƙa wa wanda zai gaje shi. Taron ya naɗa kwamitin mutum 7, wannan kundin kuma nasu ne. Duk abin da aka yi za a rubuta a nan, har da wanda ya lalace, domin 'yan uwa da ke Gadarif da Bur Sudan da Jidda su ga inda gudummawarsu ta shiga.

Shawara uku aka kawo. Wasu sun ce a tara kuɗi a damƙa masa. To, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 fam ba ya kwana inda ya wuni, ba mai iya cewa ga abin da kuɗin yau zai saya a Nuwamba. Wasu sun ce kujerar Umra ta jirgin ruwan Sawakin, sai 'ya'yansa suka ce wannan nasu ne, sun riga sun ɗauki nauyi. Ta uku ce ta samu rinjaye: a kafa mashtal, wurin renon dashe, haɗe da lambun iyayen itatuwa, a sa masa sunan Baba.

Duk wanda ya taɓa zama taro da shi ya san dalili. Ba abin da ke ɓata masa rai kamar dashen da ba a san asalinsa ba. Mutum ya sayi ɗan mangwaro a bakin hanya da sunan Abu Samaka, ya yi shekara 4 ko 5 yana ƙona gas yana ba shi ruwa, ranar da ya fara 'ya'ya sai ga baladi, wato na gida, mai zare. Waɗannan shekarun ba alƙalin da zai mayar masa da su. Muna son wurin da kowane dashe zai fita da lamba, lambar kuma ta kai mutum har gindin bishiyar da aka yanko reshen.

19 ga Afrilu

An samu fili. Wani dattijo cikin membobi ya ba da feddan 1 a Sawagi ta Kudu, mita 60 a 70, wato murabba'in mita 4,200. Lakar kogin Gash ce mai zurfi, ɓangaren arewa an taɓa yin ayaba a kai, rijiya kuma tana kusurwar kudu maso gabas.

Kafin a kafa ko turke mun nace a rubuta. Takardar ta ce wakafi ne ga ƙungiya, ba kyauta ga Baba ba, ba kuma aro ba. Mai filin da manyan 'ya'yansa, maza da mata, sun sa hannu gaban limamin unguwa da shaidu 4, an kuma fara bin hanyar shigar da ita a ofishin filaye. Wasu sun ga kamar rashin ta ido ne a nemi sa hannun 'ya'ya alhali uba na raye. Amma mangwaro yakan haura shekara 50, zai ga rabon gado, wataƙila ma sau biyu.

Tsarin shuka daga arewa zuwa kudu: mangwaro layi 2, tazarar mita 10 a 10, gindi 12. Lemu layi 3, mita 7 a 7, gindi 24, wato garehul 12, lemun zaƙi 6, lemun tsami 6. Gwaiba layi 1, tazarar mita 6, gindi 10. Ragowar mita 13 ta gefen rijiya na rumfa ne da tanki da ɗakin ajiya. Da gangan aka nisanta gwaiba da tsohon wurin ayaba, saboda irin wannan ƙasa takan ɓoye tsutsar saiwa, gwaiba kuwa ba ta da juriyarta. Saboda wannan dalilin ne ma ba za a ɗebi ƙasar cika leda daga cikin filin ba.

An ja a kan tazarar mangwaro, wasu na son mita 7 don a samu gindi da yawa. Da shekara 10 rassan za su haɗe, reshen da ya girma a inuwa kuwa ba ya ba da abin aure mai kyau, wato reshen da za a haɗa da gindin wani dashe. An tsaya a kan 10.

3 ga Mayu

An auna rijiya da igiya mai nauyi a baki, da sassafe kafin maƙwabta su tayar da injuna: mita 19 daga baki zuwa ruwa. Zai ƙara sauka kafin Yuli. Gash yana tasowa ne daga tsaunukan Eritiriya kusa da Asmara, inda ake ce masa Mareb, yana gudu wajen wata 3 a shekara, abin da ya nutse cikin yashinsa a wannan lokaci shi Sawagi duka ke sha a sauran watannin. Don haka wanda ya saita famfo da awon Satumba zai same shi yana zuƙar iska a Yuni.

Tsohon injin gas an mayar wa mai filin. An sa famfon sola mai nutso, bakin inci 2, an sauke shi mita 4 ƙasa da ruwan yau, an kuma bar fiye da mita 1 tsakaninsa da gindin rijiya kada ya ja yashi. An haɗa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya janye. Farantan suna kallon kudu, an karkata su wajen digiri 15. Tanki lita 5,000 a kan dandamali mai tsawon mita 2.

A kwanakin farko famfon yakan ɗauke da tsakar rana, daidai lokacin da ya kamata ya fi ƙarfi. Abu biyu ne suka haɗu: akwatin sarrafa wutar yana cikin rana tsirara yana ɗaukar zafi, wayar da ta sauka rijiya kuma ta yi siriri ga nisan. An mayar da akwatin inuwa inda iska ke ratsawa, an sauya waya mai kauri, ya daina. Goge ƙura daga farantan kwana bibbiyu ne, da safe ko da yamma. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu yana iya tsaga shi.

17 ga Mayu

Wannan shi ne aikin da ba wanda zai iya yi in ba Baba ba, shi ya sa aka gaggauta shi yanzu da mangwaro ke ɗauke da 'ya'ya. An zaga da shi lambunan membobi yana nuna bishiyoyin da za a yanki reshe daga gare su. Sharaɗin da ya gindaya: a san bishiyar ta yi 'ya'ya shekara 3 a jere, 'ya'yan su zama na irin da ake kiranta da shi, kada a ga busasshen reshe daga sama, ko ƙaro a jiki, ko furen nan da ke cukurkuɗewa ya zama dunƙule ba ya haihuwa.

Mangwaro 7 suka ci jarrabawa: Abu Samaka 3, Galbat Tor 2, Alfonso 2. Ya tsallake wata ƙatuwa da kowa ya zaci da ita za a fara. Sakatare ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan fa ta fi kowacce girma." Ya ce, "Ɗana, inuwa za ka raba wa mutane ko mangwaro?" Ashe shekara ɗaya take yi ta huta biyu, mai lambun ma ya tabbatar.

Kowace bishiya ta samu lamba a kan guntun gwangwanin alminiyam, an zana da ƙusa, domin tawada ba ta kai damina biyu a ranar Kasala. Wayar ɗaurin an bar ta sako-sako kada ta shige cikin ɓawo. Duk bayanin da Baba ya yi a gindin kowace bishiya, wa ya dasa ta, daga ina aka kawo ta, wace shekara ta taɓa ciwo, an naɗe shi a waya, ana kuma rubuta shi.

Garehul ba lokacinsa ba ne. An sa wa gindi 4 lamba bisa shaidar masu su, da sharaɗin za a yanka 'ya'yansu a gani idan kaka ta yi.

A yawancin lambunan har yanzu ana rataye tarkon ƙudan 'ya'yan itace, wanda Baba ya sha wahala kafin mutane su karɓa. Mugun ƙudan nan a 2003 aka fara ganinsa a Afirka, a Kenya, ba da jimawa ba ya iso Sudan. Tarkon gorar roba ce mai ƙofofi 4, da auduga a ciki an ɗiga mata metil yujinol da ɗan maganin ƙwari, a rataye a inuwar reshe wajen mita 1.5 daga ƙasa, a sabunta bayan mako 4 zuwa 6. Maza kaɗai yake ja. In ba a tsince 'ya'yan da suka faɗi an binne su da zurfi ba, ko maƙwabci bai rataya nasa ba, wahalar banza ce.

31 ga Mayu

Shinge ya kammala: wayar ƙaya layi 5, da lalle a ciki wanda zai zama shinge mai rai. An ƙi shawarar zagaye wurin da ƙayar miskit duk da ita ce ta fi araha. Tun 1917 aka shigo da wannan itace Sudan, yau kowa na ganin yadda ya cinye ƙasar Gash. Reshe ɗaya mai kwanso ya isa, awaki su ci su baza irin a kashinsu.

Rumfa mita 12 a 8, tsawo mita 2.5, da koriyar raga mai tare rabin rana. Habub, guguwar ƙura, ta yaga kusurwa ɗaya tun a makon farko, saboda an ɗaure ragar da waya a wurare ƙalilan, duk ƙarfin iska ya taru a nan. Yanzu an bi gefen da igiya, an ɗinke kowane santimita 30.

An haƙa ramuka 46, kowanne santimita 80 ta kowace fuska, ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. Za su sha rana kafin a cika.

24 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah aka koma aiki. An shuka ƙwallon mangwaron Kicina 400, shi ne gindin da aka saba yi wa aure a Sudan. Ƙwallon mangwaro ba ya jira: daga ci zuwa shuka kada ya wuce mako guda. A wanke, a sha iska a inuwa kwana ɗaya, a buɗe kwanson da almakashi ta gefen siriri ba tare da an ji wa ƙwayar ba. Wadda ta yi baƙi ko ƙwaro ya shiga a yar. A kwantar da ita a tsaye ta gefe, doron yana sama, zurfin santimita 2 zuwa 3. Tana tsirowa cikin mako 2 zuwa 3. Inda ƙwaya ɗaya ta fito da tsiro da yawa, a bar mafi ƙarfi.

Haɗin ƙasar leda: lakar Gash kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Laka zalla tana daskarewa ta tsage, ruwa ya bi ta gefe ya fice bai jiƙa tsakiya ba. Kaya ɗaya na taki an mayar da shi, da aka tura hannu ciki da ɗumi, bai gama ruɓewa ba. Irinsa ke ƙona saiwa ya kuma kira gara. Ledar mangwaro santimita 25 a 35, ta lemu 20 a 30, kowacce da ƙofofi 8 a ƙasa.

Waɗannan sai baɗi za su kai aure. Na bana membobi ne suka kawo daga nasu: gindin mangwaro ɗan shekara guda 170, larinj, wato lemu mai ɗaci, 200. An ware su gefe mako 2 ana dubawa. An cire mangwaro 20 da larinj 20, yawancinsu saboda saiwar ta nannaɗe a gindin leda, irin wannan ko an dasa ba ta miƙewa.

16 ga Yuli

Gash ya zo. An ɗora ledoji a kan bulo, an yi magudana ta zagaye rumfa, an kuma dawo da zaman gadin dare a bakin madatsa bi da bi, kamar yadda Baba ya tsara tun bayan ambaliyar 2003 da ta shiga garin Kasala ta rushe gidaje.

Kwanakin ruwa sun ba da damar zama a kan littattafan ƙungiya. Guda 11 ne, da Larabci, gefen shafuka kuma cike da ajamin Hausa da hannun Baba. Mun zaci lissafin kuɗin wata-wata za mu tarar. Yana nan, amma shi ne mafi ƙanƙanta. Akwai zurfin ruwan wasu rijiyoyi a ƙarshen bazara da ƙarshen damina, shekara bayan shekara. Akwai farashin buhun albasa ranar cira da farashinsa da damina, wanda duk mai tunanin ajiya ya kamata ya gani kafin ya gina rumbu. Akwai sulhun da aka yi a kan hanyar ruwa da kan iyaka, da sharuɗɗan da aka tsayar da dillalai a kan cikar buhu da ranar biya, da jerin yadda ake haɗa kaya a mota ɗaya zuwa Khartum da Bur Sudan don ƙaramin manomi ya samu wuri. Shafukan 2003 sun nuna wanda injinsa ya nutse da wanda ya ara masa nasa. Shugabancin nasa ke nan a rubuce, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa buɗe ko littafi ɗaya ba.

Ana ɗaukar hoton kowane shafi a shimfiɗe, a inuwa, ba walƙiya, da lambar littafi da ta shafi a gefe. Kwafi 3, a hannu 3. A kwafin da zai shiga hannun jama'a an rufe sunayen waɗanda suka ci bashin iri ko aka yi musu sulhu. Baba ya rufa musu asiri shekara da shekaru, ba za mu tona da sunan karrama shi ba. Littafi 2 gara ta ci gefensu, duka an koma da su akwatin ƙarfe a kan benci. Ajamin sai an zauna da Baba yana karantawa, don wasu gajerun alamomin shi kaɗai ya san su.

2 ga Agusta

Auren mangwaro. Damina ce lokacinsa a nan, zafi ya sauka, iska na da laima. Kashi biyu aka yi.

Auren tsaga, gindi 120. Kwana 8 kafin yanka an je an tsinke ganyen rassan da aka zaɓa suna kan uwa, an bar guntun kara, don idanun su kumbura. Reshen ya zama kaurin fensir, tsawon santimita 10 zuwa 12, wanda ya ƙosa, ba sabon toho mai ja ba. A yanke kan gindi a tsawon santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa, a bar masa ganye 2 ko 3 a ƙasa, a tsaga tsakiya santimita 3 zuwa 4. A feƙe gindin reshen ta fuska biyu, kowace fuska da jan wuƙa ɗaya, a soka. Abin da ke haɗa su shi ne koren nan da ke ƙarƙashin ɓawo. Idan kauri bai zo ɗaya ba, a daidaita ɓawo da ɓawo ta gefe guda, kada a sa reshen a tsakiya. A ɗaure da zaren leda daga ƙasa zuwa sama, a kifa farar leda a kai. Wuƙa a goge ta da sifirit tsakanin bishiya da bishiya.

Auren manni, gindi 30, wanda shi tsofaffinmu suka fi sani. A kai ledar gindin wurin uwa a ɗora a kan dandamali, a fere santimita 5 zuwa 6 daga jikin kowanne, a manna, a ɗaure. Yana kamawa sosai saboda reshen bai rabu da uwa ba, amma yana cin wata biyu da rabi, kuma kullum sai an je an ba ledar ruwa a lambun wani. An ɗaure rassan da turke, don iska na girgiza su ta raba haɗin.

Matasa 6 ne suka yi yankan, Baba na zaune a kujera yana karɓar kowane reshe ya duba feƙewar kafin a soka.

30 ga Agusta

Cikin 120 na tsaga, 74 sun toho. Lissafin ya fi ma'ana idan aka raba shi. Rassan da aka yanko da safe aka aura kafin azahar guda 80 ne, 61 sun kama. Waɗanda suka kwana ɗaya ko biyu a jiƙaƙƙen tsumma saboda hanya ta yanke guda 40 ne, 13 kawai suka kama. Daga yanzu ba a yanko abin da ba za a aura a ranar ba, ko da za a dawo hannu rabbana.

Sauran dalilan da aka gano da aka kwance matattun: layin yamma na rumfa rana tana dukansa da la'asar, gumi ya taru cikin farar leda ya dafa idanun. An rataya buhunan algarara a wannan gefen. Wasu mahaɗin ya yi baƙi, ruwa ya shiga ta sama inda ɗauri bai rufe bakin tsagar ba. Wasu kuma gindin ne ya fitar da nasa toho a ƙasa, ya janye ƙarfin. Wannan sai an bi ana murje shi kowane mako.

Gindayen da aurensu ya mutu suna raye, za a sake musu a Fabrairu. Farar leda ana cire ta da zarar ganye ya fara taɓa ta, zaren ɗauri kuwa sai mako 6 zuwa 8.

20 ga Satumba

Ruwan rijiya ya hau zuwa mita 14. An rubuta a sabon littafi, a ci gaba da layin da Baba ya fara.

An yi wa larinj 180 auren ido, yanzu da ɓawo ke saɓulewa cikin sauƙi. A ba da ruwa kwana 2 kafin aikin. A tsaga ɓawon a tsaye santimita 2.5, a gitta a samansa, a zura ido ɗaya, a ɗaure. Tsawo santimita 25 daga ƙasa, kada a kasa haka. Larinj yana jure ciwon ƙaro da ƙasa mai nauyi, garehul ba ya jurewa, in mahaɗin ya yi kusa da ƙasa ruwan ban ruwa zai fantsama masa cutar. Raunin larinj shi ne cutar tiristeza, wadda ke bin ido daga uwa mai ciwo, wani dalilin ke nan na ƙin karɓar ido daga bishiyar da ba ta da lamba.

Tsutsar da ke zana farin layi cikin sabon ganyen lemu ta bayyana. An tsinke ganyen da ta nannaɗe, ana fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma. An fara yi wa auren manni rabin yanka a ƙasan mahaɗi ta ɓangaren uwa.

18 ga Oktoba

Ido 149 sun zauna kore, an yanke kan gindayensu. Auren manni 27 an raba su da iyaye, suna hutawa a rumfa.

An yanka 'ya'yan garehul ɗin nan 4. Uku jar tsoka ce kamar yadda aka faɗa. Ta huɗu fara ce. Mai ita bai yi ƙarya ba, haka aka sayar masa, wanda ke sayen lambunsa a tsaye kuma bai taɓa ce masa komai ba. Dashe 22 da aka ɗauki idonsu daga gare ta an sauya musu lamba, za su fita da sunan abin da suke.

Dokokin mashtal da taro ya amince da su: dashe ba ya fita sai da lamba da rasit. Farashi shi ne abin da aka kashe da ladan mai kula. Kashi ɗaya cikin 10 kyauta ne ga matan da mazansu suka rasu suka bar musu lambu, da 'yan uwan da yaƙi ya koro daga Jazira da Sinnar suka kama haya a nan. Gudummawa ta Bankak, manhajar banki ta waya, ko ta hannu, duka ma'aji na rubuta ta ranar da ta shigo, a mayar da ita kaya cikin mako.

22 ga Nuwamba

An yi walima a cikin lambun, bayan la'asar. An buɗe da karatun Alƙur'ani. An taƙaita masu jawabi zuwa 4, aka ba sakatare lokaci ya karanto wasu shafuka daga littattafan. Cikin masu jawabin akwai wakiliyar mata masu sayar da kayan lambu a kasuwa da wakilin 'yan ƙwadagon cirar albasa. An so a cire su don lokaci, kwamiti ya ƙi, domin a kan hakkinsu Baba ya fi yin faɗa da dillalai da mu masu lambun kanmu.

Kyauta: jallabiya, rawani, shal, takalmin markub, takardar yabo a firam, da kwafin littattafan an ɗinke shi. An yanka raguna 2, ga asida da kisra, jabana, wato gahawa, mai citta tana zagawa. Sannan ya miƙa hatimi da littattafai 11 da mabuɗin akwati ga sabon shugaba, ya ce masa, "Malam, ga amanar mutane. Ka riƙa auna rijiya da kanka."

Baba ne ya dasa Abu Samaka ta farko. An yanke ledar, ba a zare ta ba, don ƙasar kada ta watse. Wuyan dashen daidai yadda yake a leda, mahaɗi sama da ƙasa da kyau, turke ta gefen da iska ke fitowa, kwano biyu na ban ruwa don ruwa kada ya kwanta a jikin gindi, da ganyen dabino ya tare ranar yamma. Sauran 11 an dasa su washegari. Taron ya ba shi sabon aiki: ba za a ƙara wata bishiya cikin iyaye ba sai ya gani, tare da biyu daga matasan da suka yi auren mangwaro a gabansa.

Baƙi sun tattake hanyar ruwa a wuri biyu, an gyara.

6 ga Disamba

Mangwaro 12 duk suna tsaye, ɗaya ta zubar da ganye amma idonta kore ne. An shafe gindayensu da kwaɓin jinzara, wato shuɗin gishirin tagulla: jinzara kilo 1, farar ƙasar shafe kilo 1, ruwa lita 10, a roba, ba a bokitin ƙarfe ba.

Albasar iri da aka binne tsakanin layukan mangwaro a farkon Nuwamba ta fito. Saggai ce, ja mai jure ajiya, an zaɓi matsakaita masu ƙwaya ɗaya da siririn wuya, kunya santimita 70, tazara 25. An gano wani maƙwabci da bai kai mita 300 ba yana shirin fitar da irin Baftaim, wadda asalinta daga Yaman ne. Ƙudan zuma ba su san iyakar gona ba, in suka yi fure tare duka biyun za su gauraya. An zauna da shi, ya yarda bana zai karye kan furen tasa, mu ba shi irin Saggai daga namu, baɗi kuma a ba shi dama ya fitar da nasa. Idan fure ya buɗe ba fesa magani da rana.

Larinj ya nuna, ana tara 'ya'yansa don gindin baɗi. Ƙwayarsa a wanke a shuka da ɗanyenta, in ta bushe ƙarau ba ta tsirowa da kyau. Ramukan garehul da lemun zaƙi 18 suna jiran dashen ido ya kai tsawon gwiwa, wajen Fabrairu ko Maris. Gwaiba da lemun tsami ba a fara ba, za a yi musu ɗaurin reshe idan sanyi ya ja baya. Takardar wakafi tana ofishin filaye ba ta fito ba tukuna, ajamin littafi 4 kuma bai gama karantuwa ba. Ana neman leda 500 mai girman 20 a 30 da kaya 2 na ruɓaɓɓen taki kafin zaman kwamiti na ƙarshen wata.